Gurnanin da Ke Tashi a Hanyar Dosso

A cikin garin Yamai motar ba ta da laifi. Daga Bukoki zuwa Katako, daga Katako zuwa Wadata, ko ta haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, lafiya lau take tafiya. Amma da zarar an yi mata lodi an kama hanyar Dosso, an wuce filin jirgin Diori Hamani, an sa giya ta biyar, allura ta kai wajen kilomita 75, sai wani gurnani ya cika cikinta. Ba ƙara ba ce mai tsini irin ta ƙarfe ya gogi ƙarfe. Abu ne mai kauri, a ƙasa-ƙasa, wanda ke danne dodon kunne har mutum ya ji shi a ƙirji. Mutum biyu a kujerar gaba sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. In direba ya ƙara wuta ta haura 90, gurnanin ya lafa. In ya sassauta ta sauko 65, ya ɓace. Yana zaune a tsakani, daidai gudun da akori-kura mai kaya ta fi yi a doguwar hanya.

Direban ƙanen matata ne. Ya karɓi motar bayan damina daga hannun wani da ya bar aikin. Hilux ce mai ƙofa huɗu, mai injin fetur na lita 2.7, irin wanda Toyota ta fito da shi a 2004. Mai ita wani Alhaji ne, ɗan kasuwa a Katako, inda ake narka tsohon alminiyam a zuba tukwane, a buga akwatunan kwano da murhu da ƙofofi. Irin wannan kaya ake lodawa a kai Dosso da Dogon Dutsi, a bisa kayan kuma ba a rasa mutanen ƙauyukan kan hanya masu neman sauƙin kuɗin mota. Duk ranar da yaron ya dawo daga tafiya, sai ya shigo gidanmu yana dafe da goshi, yayarsa ta ba shi maganin ciwon kai. Ita ta ce rana ce. Shi ya ce gurnanin ne.

Kafin in sa baki a maganar an riga an kashe kuɗi. Bakanike na farko ya ce boris ɗin ƙafar baya ne, don boris da ya ci yana irin wannan kuka, kukansa kuma yana bin gudu. Aka sake, gurnani na nan. Mai faci ya shafa tayoyin baya ya ce sun ci gefe guda, aka sa wasu. Aka kwance farfela aka sake mata mahaɗi. Wani kuma ya ce tukunyar salansa ce ta ƙone a ciki, ya sayo wata ya ɗaura a gurbin tsohuwar. Babu zaton da ba shi da tushe a cikin waɗannan, sai dai duk labarin kukan aka ba su. Babu wanda ya shiga motar ya ji da kunnensa. Alhaji kuwa ya fara cewa motarsa ba ta yin haka a hannun wancan direban, kuma duk wanda ya taɓa tuƙa motar wani ya san abin da ke biyo bayan wannan magana.

Akwai wani dattijo mai walda a Bukoki, da rumfarsa ta kwano da tulun gas ɗinsa da yara biyu masu koyo. Tun zamanin Peugeot 404 da 504 masu tamfol yake gyaran salansa. Da muka je ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ce:

"Ɗana, ranar da ka yi lodi ka biyo ta nan. Sai ta yi kukan a gabana."

Da safiyar ranar tafiya ya shiga gaba, ni ina kujerar baya. Muka wuce filin jirgi, hanya ta miƙe, gurnanin ya taso a inda ya saba. Dattijon ya bari ya cika sosai, sannan ya ce:

"Taka kuloci. Kada ka taɓa birki."

Yaron ya taka. Motar na ci gaba da gudunta, amma gurnanin ya ɗauke nan take.

"Tayoyinka sun tsaya?"

"A'a, Baba."

"Farfela fa?"

"Tana juyawa."

"To ka gaya wa Alhaji kada ya yar da tsofaffin tayoyinsa, da sauran aiki a jikinsu."

Gwajin bai ɗauki minti guda ba, amma ya wanke boris da taya da farfela gaba ɗaya. Dukkansu suna juyawa da gudun mota ko an taka kuloci ko ba a taka ba. Abin da kuloci ya raba da hanya shi ne inji. Dattijon ya sa aka koma giya ta huɗu, aka ɗauko gudun a hankali, sai ga gurnanin ya fito a wajen kilomita 62. Ya ɗora yatsa a gilashin allurar inji: ta ɗan haura lamba 2, wato juyi kamar 2,100 a minti. A giya ta biyar ma da aka koma, a nan allurar take lokacin da kukan ya cika. Ashe ba gudun mota gurnanin ke jira ba, gudun inji yake jira. A cikin gari, tsakanin kabu-kabu da amalanke da ramuka, inji ba ya zama a juyi ɗaya har kunne ya lura.

Ya juyo wurina. "Malam, sauke gilashin nan na baya."

Na sauke, nauyin da ke kunnena ya ragu. Yaron ya ce ai haka yake yi kullum, gilashin baya a buɗe tun daga Yamai har Dosso, shi ne kawai ke ba shi sauƙi. Dattijon bai tanka ba. Na dai ga ya ja iska da hanci, sannan ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a daɓen motar, ya jima a haka. Da na gwada, na ji ƙarfen na karkarwa har cikin gwiwar hannu.

Muka juyo Bukoki da kayan Alhaji a baya. Yanzu tsoron yaron ya koma kan inji, don in inji ne, maganar ta fi ƙarfin albashinsa. Dattijon ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ƙotar a kunnensa, ya bi silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce inji ƙalau yake. Saura abin da ke tsakanin inji da iskar waje. Hanyar gano hudar salansa sananniya ce: a toshe bakinta da tsumma na ɗan lokaci, in da huda za a ji tana huci ta wurin. Ya miƙa wa ƙaramin yaronsa tsumma. Yaron ya zaga bayan motar, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya durƙusa, ya dawo da tsumman a hannu.

"Maigida, ban ga bakin ba."

Dattijon ya sa aka ja motar gaba kaɗan, ya nuna mana ƙasa. A yashin da ta tashi daga kai, ba a baya ba, daidai tsakiyar inda bodin kaya yake, akwai wata da'ira mai faɗin faifai da iska ta share tas, da ɗigon baƙi a cibiyarta.

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi tare da shi. Sabuwar tukunyar na nan tana sheƙi. Bututun da ya fito daga bayanta bai wuce taƙi guda na hannu ba, an lanƙwasa shi ya dubi ƙasa, bakinsa da kaushin yankan zarto. Daga jikinsa an yi wa guntun rodi walda, ɗaya ƙarshen an manne shi a shasi. Can baya, sama da aksul, ƙugiyoyin asali suna nan babu komai a kansu, ɗaya da tsagaggiyar roba tana lilo. Aksul ɗin ya yi baƙi, haka ma gefen tayar safaya da ke fuskantar gaba. Daga baya tsohon yaron motar ya ba da sauran labarin: da damina ta faɗa wani kwazazzabo da kaya, bututun da ke hawa ta saman aksul ya murƙushe, inji ya shaƙe, mai waldan bakin hanya ya yanke abin da ya lalace don su kai gida. A lokacin daidai ya yi. Abin da ba daidai ba shi ne da aka bar ta a haka, har wanda ya sake tukunya ya zo ya mayar da guntun yadda ya same shi. Ba ya ganin aibi a ciki, don akori-kura masu yankakkiyar salansa sun cika gari. Maganar da ake yi ita ce, hayaƙi dai ya fita.

Direban ma abin da ya tambaya ke nan. "Baba, ai tukunyar ce ke kashe ƙara. Bututun baya hanya ce kawai."

Dattijon ya ɗauki wata kwalba da ke gefen rumfa, ya hura bakinta, ta yi kuka mai kauri. Ya ce cikin kwalbar shi ne tukunya, wuyanta shi ne bututu. Kowace kwalba da muryarta, kuma wuya ne ke tsayar da ita. Ka gajarta wuya, murya ta hau sama.

Abin da ya nuna da kwalba, wani masani ɗan Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1863 kan yadda kunne ke jin sauti, kuma injiniyoyin mota na aiki da lissafinsa har yau. Iskar da ke cikin wuya tana kai-kawo, ta cikin tukunya tana matsuwa tana turo ta, su biyun suna da saurin bugawa guda da suka fi so. Duk sautin da ya zo da sauri fiye da wannan, tukunya na rage masa ƙarfi. Wanda ya zo daidai da shi kuwa, ƙara masa take yi. Ƙa'idar ta ce in aka mayar da wuya kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, muryar ta ninka biyu. In kashi ɗaya cikin tara, ta ninka uku.

Sai na ɗauki tef na auna. Daga tukunya zuwa inda ƙugiyoyin suka nuna bakin asali yake, bin lanƙwasar, wajen mita 1.4 ne. Abin da ya rage santimita 15 ko 16. Kashi ɗaya cikin tara ke nan. Da tukunya mai cin wajen lita 15 da bututu mai faɗin santimita 5 da rabi, lissafi mai sauƙi, in an lura da zafin hayaƙin da ke ciki, na ba da bugu kamar 23 a daƙiƙa da dogon bututu. Wannan ƙasa yake ƙwarai, kusa da bugu 20 inda jin ɗan Adam ke farawa, kuma inji yana wuce shi tun yana tsaye bai motsa ba. Da guntun kuwa, muryar ta hau zuwa wajen 70.

Inji kuma fa? Mai silinda huɗu, kowace silinda na tashi sau ɗaya a juyi biyu, saboda haka bugu biyu ke shiga salansa a kowane juyi. Juyi 2,100 a minti shi ne 35 a daƙiƙa, a ninka biyu, 70. Nan suka haɗu. Da Land Cruiser ce mai silinda shida, irin masu injin 1HZ da ke ratsa hamadar Agadez, bugu uku ne a juyi, kuma da ta kai 70 tun a juyi 1,400. Shi ya sa yanka iri ɗaya ba ya ba da kuka iri ɗaya a kowace mota, shi ya sa kuma wani zai rantse maka tasa a yanke take amma ba ta damunsa.

Akwai abu na uku, wanda gilashin baya ya tona. Ɗakin mota rufaffe shi ma yana da muryarsa. Sauti na gudun wajen mita 343 a daƙiƙa a iska mai sanyi, ya kai 355 a zafin Yamai na watan Afrilu. Daga gilashin gaba zuwa bangon baya na mota mai ƙofa huɗu kusan mita 2 da rabi ne. Sautin da zai je ya dawo ya tarar da na bayansa a daidai, wato gudun sauti a raba da mita 5, yana faɗowa ne a wajen 70 shi ma. Bakin salansar kuma maimakon ya watsa sautin a fili bayan mota, yana buga shi ne a kwalta, kwalta ta mayar wa daɓen bodi, duk wannan a ɗan taƙi kaɗan daga bangon bayan ɗakin. In an yi lodi bodi na ƙara kusantar ƙasa, inji na ƙara ja, bugun na ƙara ƙarfi.

Dattijon bai yarda a gyara komai lokaci guda ba. Ya ce in ka ba mara lafiya magani uku tare, ba ka san wanda ya yi aiki ba. Ya fara yanke rodin ya rataye bututun a roba. Muka fita hanya: karkarwar daɓe ta tafi, gurnanin kunne na nan. To rodi shi ke kai rawar salansa cikin shasi, amma ba shi ne babban mai laifi ba. Muka dawo ya zura wani tsohon bututu mai tsawo a bakin guntun, ya ɗaure da waya ya fito da shi bayan taya. Ba kyan gani, amma da allura ta kai 75 yaron ya dube ni ta madubi, ya yi magana a muryarsa ta kullum, na ji shi sarai.

Aikin gaske ya ci yammacin ranar. An samo bututu mai faɗi ɗaya da na asali a wurin masu tsohon ƙarfe na Katako. Dattijon ya sa yaransa suka soya yashi a kan kwano har ya bushe ƙarau, suka ɗura a bututun suna bubbuga gefensa don ya zauna, suka toshe bakunan da katako. Yashin ne ke hana ƙarfe murƙushewa a lanƙwasa, kuma dole ya zama busasshe, don mai danshi in ya ji wuta tururinsa na iya fashewa a fuskar mai aiki. Ya gasa wurin da harshen gas har ya yi ja, ya danna a hankali a jikin wani tsohon gindin taya, ya ɗaga ya gwada a ƙarƙashin mota, ya koma ya ƙara. Ya hana a sauke kaya, don yana son ganin iyakar inda aksul ke hawa in mota ta yi nauyi. Ya bar masa tazara, ya nisanta bututun daga tiyon birki da tankin mai da tayar safaya.

A kan baki ne suka ɗan ja. Yaron na son ya fito tsaye ta baya, da ƙarfe mai walƙiya irin na motocin samari. Dattijon ya karkatar da shi gefe, bayan tayar baya, ya fito da shi waje da gefen bodi, yana ɗan dubar ƙasa. Ya ce bayan mota mai gudu iska tana juyawa ne ta dawo. Abin da ka zubar daidai ƙarƙashin ƙyauren baya, wani zai hau ya same ka. A gefe kuwa iskar da ke wucewa ce ke kwashe shi.

Na ɗauka an gama. Amma kafin ya fito daga ƙarƙashi ya matsa gaba, wajen wani kumburi da ke jikin bututu kusa da inji, ya ƙwanƙwasa da sifana. Ya yi amo irin na abin da ba komai a cikinsa. Wannan shi ne katalizar. A asali akwai tubalin yumɓu mai dubban ƙananan ramuka a ciki, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke ƙone ragowar gubar hayaƙin fetur kafin ya fita. Saboda tsadar ƙarafan nan ana fasa shi a kwashe a sayar, kuma motoci da yawa na hannu da suka zo mana ta Kwatano da Lome ba sa daɗewa da nasu. Na wannan motar an kwashe tuntuni.

Dattijon ya fito, ya goge hannu, ya dubi yaron.

"Ɗana, kai na yi maka ciwo in ka dawo daga tafiya?"

Yaron ya dube ni, yana zaton ni na faɗa. Ban faɗa ba.

"Su kuma na baya, babu mai amai? Babu yaron da ke yin barci a kasa tashe shi da wuri?"

Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wata mata da ta taɓa cewa jaririnta ya yi lis tun daga Birnin Gaure, aka ce rana ce.

Wannan shi ne abin da ya hana ni barin labarin ya tsaya a rumfar mai walda. A hayaƙin fetur akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, ta hana shi kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Alamarta ta farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya da barci. Mota mara katalizar ta fi fitar da ita. Ga bututu yana sakinta a ƙarƙashin bodi, tana hawa ta ratar da ke tsakanin ɗaki da bodin kaya, inda iska ke juyawa a kan mutanen da suka jingina da bangon ɗakin don su tsira daga iskar hanya. Ga direba kuma ya buɗe gilashin baya don ya huta da gurnani, ya buɗe mata ƙofa. Direba mai jin barci a hanyar Dosso, da tirelolin da ke bin ta dare da rana, ba ƙaramin abu ba ne. Mita ɗaya da 'yan kai na bututun da ake yankewa a jefa cikin tarkace, shi ne ke ɗauke wannan iska ya wuce da ita bayan kowa.

Washegari yaron ya kai kayan da gilashi a rufe. Ya dawo bai nemi magani ba, kuma a tafiye-tafiyen da suka biyo baya ciwon kan bai koma yadda yake ba. Alhaji ya biya kuɗin aikin ba gardama. Maganar katalizar ya ce sai kasuwa ta yi kyau, har yanzu kumburin a wofi yake, saboda haka dattijon ya gargaɗi yaron kada ya bar inji na aiki a rufaffen shago ko mutane na zaune kusa da bakin salansa, kuma duk lokacin sake man inji ya leƙa ya ja robobin da hannu.

Bayan sati Alhaji ya aiko da ɗayar motarsa, wadda ke zuwa Baleyara ranar Lahadi, ya ce a duba ko da yake direbanta bai taɓa kawo kuka ba. Ita ma a yanke take. An fito da bakinta ta gefe, gaban tayar baya, daidai ƙarƙashin ƙofar fasinja, kuma robar ƙofar ta daɗe da cinyewa.